IA ta cika dabuwar ɗin ɗalibai, ga kuma mai raunin gani a aji: daga ina malami zai fara?

Salamu alaikum Malama, fatan kina lahiya, ya aiki ya zafin Maradi. Na karanta tambayarki, kin ce kina koyarwa a sashen noma, ajinki na shekarar farko ya haura mutum ɗari biyu, dabuwar ɗin da ake kawo miki duk kama ɗaya sunka koma sabili da ƙirƙirarriyar basirar nan IA ke rubuta musu, ga kuma ɗalibi ɗaya da idonsa ba ya gani da kyau, sannan shef ɗin departema ya ɗora miki ki shirya wa sauran malamai horo bisa wannan lamari. Kina son ki san ko akwai manhajar da ke kama mai satar amsa, da kuma ta ina za ki kama.

Toh ƙanwata, bari in fara da manhajar kama ɓarawon tunda ita kowa ke fara tambaya. Kada ki kashe ko dala a kanta, kuma kada ki ba yaro sifili dan wata na'ura ta ce IA ce ta rubuta. Kamfanin OpenAI da ya fito da ChatGPT a ƙarshen watan Nuwamba 2022 shi da kansa ya saki irin wannan manhaja a Janairu 2023, ya ce kashi 26 cikin ɗari kawai take ganowa na rubutun na'ura, kuma tana ɗora wa rubutun ɗan Adam laifi kashi 9 cikin ɗari, zuwa watan Yuli na shekarar ya janye ta gaba ɗaya. Ki lissafa kashi 9 ɗin nan a ajinki na mutum ɗari biyu, kusan mutum goma sha takwas kenan za ki iya zalunta ba su ji ba ba su gani ba. Wani abin da ya fi shafarmu, masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan manhajoji guda bakwai a 2023 da rubutun ɗaliban da Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne, sama da kashi 60 cikin ɗari anka ce na'ura ce ta rubuta alhali mutane ne. Dalili kuwa, wanda ya koyi harshe a lakwal yana rubutu da kalmomi sanannu da jimla mai bin ƙa'ida, ita kuma manhajar abin da take kira rubutun na'ura kenan. Da Ingilishi anka yi wancan gwajin, amma ki duba Faransancin yaranmu, ai shi ma na aji ne, na hadda, babu wanda ya sha shi a nono. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ma kashe tata manhajar ta yi a Agusta 2023. Wannan babin a rufe shi.

Abin da ni nake gani shi ne matsalolin naki guda biyu ɗin nan a wuri ɗaya suke haɗuwa, wato a takardar kur ɗin kanta da kuma irin tambayar da muke yi wa ɗalibai. In an gyara waɗannan biyun, mai raunin gani ya samu, mai ƙaramar salula ya samu, kuma kofe daga IA ya rage amfani.

Ki duba yadda kur ke isa hannun ɗalibi a nan. Malami na da polikopi ɗinsa da ya buga shekaru da yawa, ya ba delege, delege ya shimfiɗa shi a kan benci ya bi shafi shafi yana ɗauka da salula, wani shafin a karkace, wani da inuwar hannunsa a tsakiya, wani an yanke layin ƙarshe, ya zuba hotuna arba'in a gurup ɗin WhatsApp da daddare. Mai ido ma sai ya yi ta ja da yatsu biyu yana matse fuska. Shi kuwa ɗalibinki in ya kunna TalkBack, wato mai karanta allo da ke cikin salular Android, sau da yawa muryar ba abin da za ta ce masa sai "hoto, hoto, hoto", ko ta karanta masa sunan fayil mai lambobi. Kur ɗin gaba ɗaya bai wanzu ba a wurinsa. Kuma hotunan nan suna cin mega masu yawa, alhali da rubutu ne na gaske shafi arba'in ɗin ko mega ɗaya ba lallai ya kai ba, yaron da ya koma ƙauye wajen Dakoro ko Mayahi hutun sati inda rezo ke zuwa yana tafiya zai iya saukewa.

Gwajin mai sauƙi ne, ki buɗe PDF ɗin a salula ki danna yatsa bisa kalma ɗaya ki riƙe. In kalmar ta haskaka ana iya kofe ɗinta, rubutu ne. In duk shafin ne ya motsa, hoto ne, sai an sake aiki. Nan ne IA take da amfani na gaske ga malami, dan aikin da ke hana mu gyara kur shi ne sake bugawa, babu mai lokacin zama ya buga shafi ɗari. Yanzu Google Lens ko ChatGPT ko Gemini za su ciro miki rubutu daga hoton shafi cikin ɗan lokaci, akwai ma Tesseract ta kyauta da ke aiki a ordinatar ba tare da intanet ba. Amma dole ki bi da idonki, musamman lambobi, sabili da 0,5 na iya komawa 05 ko 5, kuma a kur ɗin maganin ƙwari ko awon taki wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, balle a sashen likita. Sunayen tsirrai na Latin ma tana ɓata su, haruffanmu masu ƙugiya kuwa sai ta maida ƙ ta koma k, ɗ ta koma d.

In rubutun ya shiga Word, kada ki yi kanun babi da ƙara girman harafi da baƙaƙe shi kawai, ki zaɓi Titre 1, Titre 2 a wurin salo. Da ido bambancin ba ya fitowa, amma mai karanta allo da shi yake tsalle daga babi zuwa babi, in babu shi sai ɗalibin ya saurari kur ɗin tun daga farko duk sanda yake neman sakin layi ɗaya. Ki raba musu fayil ɗin Word ɗin kansa tare da PDF, dan a Word kowa na iya ƙara girman harafi yadda idonsa ke so. Na san wasu malamai na tsoron a sace musu kur in sun ba da Word, to walla wanda ke son sata hoton ma ya ishe shi.

Zane da jadawali kuma a rubuta musu bayani a ƙasa, kuma bayanin ya faɗi abin da zanen ke koyarwa. "Jadawalin ruwan sama" bai ce komai ba. A rubuta misali ruwan yana farawa kaɗan kaɗan a Yuni, ya ƙaru a Yuli, ya kai ƙololuwa a Agusta, ya sauka a Satumba. IA na iya yi miki zubin farko in kin tura mata hoton, sai dai ita za ta tsaya faɗin launi da siffa, ke ce kin san dalilin da ya sa kinka saka zanen. Lissafi ma a shigar da shi ta wurin rubuta ekwasiyo na Word, kada a liƙa hotonsa. Launi a diyapo, masu tsara ƙa'idar WCAG ta shafukan intanet sun ce bambancin hasken rubutu da na bango ya kai 4,5 bisa 1, mu dai a taƙaice baƙi bisa fari, dan rawaya bisa fari a anfi da rana tsaka ga labule babu ko mai ido lafiyayye ba ya gani. Sai kuma bakinki a gaban allo, wannan kyauta ne. Maimakon "wannan a kan wannan ya ba mu wancan", ki faɗi abin da kike rubutawa da sunansa.

Kada ki ɗauka mutum ɗaya kike yi wa wannan wahala. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kusan kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya na da wata nakasa, kuma ba kowace nakasa ake gani da ido ba. A aji irin naki da wuya a rasa zabiya da hasken allo ke damu, da wanda kunnensa ɗaya ya mutu tun sanƙarau na ƙuruciya bai taɓa faɗa wa kowa ba, da mai sikila da ke ɓacewa sati biyu, da mai jego. Babu wanda zai ɗaga hannu a gaban mutum ɗari biyu ya ce ni ne. Tunanin da ƙungiyar CAST ta Amurka ta shimfiɗa da sunan UDL shi ne a tsara darasi tun farko da hanya fiye da ɗaya ta karɓar ilimi da hanya fiye da ɗaya ta nuna an gane, kada a jira sai wani ya zo roƙo sannan a yi masa alfarma. Kuma ba alfarma ba ce ma, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa tun 2008, sashe na 24 nata maganar ilimi yake har da na jami'a.

Shi ɗalibin naki, ki kira shi gefe ku biyu ki tambaye shi mi ke yi masa aiki, dan raunin gani iri iri ne. Wani babban harafi ya ishe shi, wani sai murya, wanda ya yi makarantar makafi yana iya son Braille. In yana da ordinatar a saka masa NVDA, manhajar karanta allo ce ta ordinatar, kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya sunka fara ta a 2006, tana karanta Faransanci sarai, har a kile ana iya yawo da ita. A salula akwai Seeing AI ta Microsoft da Lookout ta Google masu karanta takarda in an nuna musu kyamara. Saƙon murya da malamai ke son turawa a gurup yana da kyau gare shi, amma ki tuna da mai raunin ji, a bi shi da rubutu. Manhajar Whisper na juya murya zuwa rubutu, da Faransanci tana ƙoƙari, da Hausa kuwa har yanzu da saura sosai, kuma mu a aji gauraya harshe muke yi, sai ki ga ta rubuta abin da ko kusa ba ki faɗa ba. Gara ki rubuta taƙaitawar da kanki layi goma.

Yanzu maganar dabuwar. Gaskiya mai ɗaci ita ce tambayar da IA ke amsawa cikin daƙiƙa goma, da ma can kofe ake yi mata daga polikopi ko Wikipedia, yanzu dai kofen ya yi tsabta ne. "Kawo ma'anar zaizayar ƙasa da ire-irenta" ba aikin gida ba ne kuma, in kina son ki san sun haddace ki tambaye su a aji da biro da takarda. Aikin gida kuwa ki ɗaure shi da ƙasar nan, kuma ke kin yi sa'a da fanninki dan Maradi cike take da abin tambaya. Ɗauki ajiyar wake. Ki ce kowane gungu na mutum biyar su tambayi IA yadda ake kare wake daga ƙwari a ajiya, su kwafo amsar yadda take, sannan su shiga kasuwa su zauna da 'yan wake biyu ko uku su ji mi suke yi, nawa ne buhun PICS bana, sau nawa ake sake amfani da shi, mi ke huda shi. Buhun nan mai ruɓi uku, leda biyu a ciki buhu a waje, jami'ar Purdue ta fito da shi kuma masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na nan Maradi sun yi aiki sosai a kansa, yana kashe ƙwari ne ta hana su iska ba tare da magani ba. Abin da za ki ba maki shi ne shafi ɗaya da sunka rubuta na inda IA ta yi daidai, inda ta faɗi abin da ba ya yiwuwa a nan, da abin da ɗan kasuwa ya sani ita ba ta ambata ba. Haka sassaben zamani, wato barin kututturen itace ya sake tofowa a gona, wanda a yankin ga ya fara a farkon shekarun 1980 da aikin wani masanin noma Tony Rinaudo da manoma, a tura su gona ɗaya su ƙirga kututturen da anka bari ya tofo, su tambayi mai gonar dan mi ya bar gawo ya sare wani. IA za ta faɗa musu gawo na zubar da ganye da damina, wannan yana cikin littafi, amma ba ta san gonar Malam wane ta bayan Tibiri ba.

Sannan a kare aikin da baki. Na san mutum ɗari biyu ba za su tsaya gabanki ɗaya ɗaya ba, shi ya sa na ce gungu, kuma ranar TD, wato darasin gwaji a ƙaramin aji, ki jefa ƙuri'a wanda ta faɗa kansa shi zai yi bayani minti uku a madadin sauran, ki yi masa tambaya ɗaya da ba ta cikin takardar. Nan take ake gane wanda ya je kasuwa. Mai in'ina ko mai raunin ji a ba shi zaɓi ya amsa a rubuce a wurin, abin da ake aunawa fahimta ce.

Ki koya musu, da malaman ma, yadda abin ga ke aiki, dan yawancin mutane sun ɗauka wani rumbun littattafai ne yake buɗewa ya ɗebo amsa. Hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya yake yi, daga ɗimbin rubutun da anka horar da shi da su, sabili da haka yana kama da yaron tasha da ba ya taɓa cewa bai san hanya ba, ko bai sani ba zai nuna miki da hannu da cikakken ƙarfin hali. Inda ya fi yin ɓarna shi ne jerin littattafan memuwar, ya haɗa sunan marubuci na gaske da kanun maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba, da shekara da lambar shafi tsaf. A Amurka a 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dalar Amurka 5000 sabili da sun kai mata shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira. Dokar da nake ba masu kula da memuwar ita ce duk maƙalar da ɗalibi ya ambata ya nuna ta a salularsa ko a takarda kafin sutnans, wato ranar kare memuwar. Kuma rubutu kan Nijar kaɗan ne a cikin abin da anka horar da shi, da Hausa ma ya fi ƙaranci, shi ya sa kuskurensa kan al'amuranmu ya fi yawa.

Abu biyu da ban yarda a yi sakaci da su ba. Kada malami ya zuba sunayen ɗalibai da makinsu ko takardar asibitin wani a cikin IA dan ta lissafa masa, bayanan suna fita ƙasar waje ne, kuma muna da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, da doka a kai. Sannan kada a ba da aikin da sai mai biyan kuɗi zai iya, ChatGPT na biya mai suna Plus dalar Amurka 20 ne a wata, ya haura jika goma, ga kuɗin farfe, wani ɗalibin salular ma ta abokin ɗakinsa ce. Aikin gungu na rage wannan, ko ke ki kawo amsar IA ɗin a buge kowa ya yi mata gyara.

Horon malamai kuwa, in kina jin shawarata kada ki yi taron kwana ɗaya a babban zaure da majigi da jawabin buɗewa, kowa ya sa hannu ya karɓi perdiyem ya watse, bayan wata ɗaya polikopi na nan yadda yake. Ki tara mutum shida ko takwas a ofis, kowa ya zo da babi ɗaya na kur ɗinsa da tambayar dabuwar ɗaya. Da farko kowa ya saka tambayarsa a IA da hannunsa ya karanta amsar, ya ba ta maki bisa ashirin, wannan kaɗai ya fi duk wani jawabi da za ki yi, dan malamin da ya ga tambayarsa ta samu 14 babu wahala ba sai an ce masa ya canza ta ba. Sannan a kunna TalkBack a buɗe PDF ɗin kowa a saurara. Sauran lokacin a gyara babin nan ɗaya har ya gamu, kowa ya fita da abin da zai raba wa ɗalibai gobe. Bayan sati biyu a sake haɗuwa da babi na biyu.

Manyan furofesoshi kuma ki bi su a hankali, ke ƙarama ce a cikinsu, kada ki sa wanda ya koyar da ke ya yi ta laluben linzami a gaban yaransa. Ki same shi a ofishinsa ki ce Malam na zo ka duba min wani abu, ko a haɗa shi da ɗan mastar da zai yi bugun shi kuma ya duba ingancin abin da ya fito, a nan ya fi kowa ido. Kada a manta da malaman wucin gadi masu zuwa da awa, sau da yawa su ke riƙe da ajin shekarar farko kuma su ake mantawa a gayyata. UNESCO ta fitar da jagora kan irin wannan IA a fannin ilimi a Satumba 2023, akwai shi da Faransanci, zai taimake ki in shef ya nemi takardar da za a dogara da ita.

Daga wurin shef ɗin abin da za ki nema kaɗan ne amma ki nema a rubuce. A lissafa lokacin gyaran kur cikin awoyin aiki, in ba haka ba mutum biyu masu zuciya ne za su yi sauran su zuba ido. Departema ta amince da 'yan layuka da kowane malami zai saka a shafin farko na kur ɗinsa, ya faɗi a wane aiki an hana IA, a wane an yarda da sharaɗin ɗalibi ya rubuta mi ya tambaye ta, dan yanzu wani malamin na kora a kai wani na yabawa, yaran sun rasa na kamawa. Sai maganar egzame na ɗalibinki, a yanke ta tun yanzu kada a bari sai ranar: takardar tambaya da babban harafi kamar 18 ko a ordinatar da babu intanet, wurin zama mai haske, da ƙarin lokaci. A Faransa kashi ɗaya bisa uku na lokacin ake ƙarawa, egzame na awa uku ya zama huɗu, za ku iya ɗaukar wannan ma'aunin. A sanar da masu gadin jarrabawar da takarda mai sa hannun shef, dan in ba su gani a rubuce ba karɓe takardar za su yi tare da ta kowa.